Turmin da Na Gyara Sau Uku

Sassaƙa na gada. Ubana masassaƙi ne, nasa uban ma haka. Ƙauyenmu yana kusa da Yekuwa, kuma duk turmin da ke gidajen wajen, da akushi da kujerar mata da ƙotar hauya, in ba aikin ubana ba ne to nawa ne.

Zamanin Nasara aka hana mu saran kirya. Aka sa masu tsaron daji. In suka kama mutum da ɗanyen itace a kafaɗa sai su tasa shi gaba zuwa Magariya, ya yi wata yana ɗaukar ƙasa a ka wurin aikin hanya. An kai ni sau ɗaya, ban ƙara ba. Turmi kuwa in ba na kirya ba ne, ba ya shekara biyu. Sai na koma gyaran tsofaffi. Abin da ubana yake kira aikin raggo, shi ya zama sana'ata.

Gyaran turmi ba shi da wuya ga wanda ya sani. Ka fara kifa shi ka duba gindi, don gara ta ƙasa take shiga. In ta ci, ka kankare wurin da gizago har ka tarar da itace mai ƙwari, ka ƙona shi da jan ƙarfe. In tsagewa ce, ka bi tsagar da tsinin wuƙa ka fitar da tsohuwar dusa kaf, ita ce ke hana bakin haɗuwa. Ka jiƙa ƙaro ya narke, ka kwaɓa shi da garin itace, ka cusa. Sannan ka yanko fatar sa, faɗin yatsa biyu, ta kwana a ruwa, ka naɗe turmin da ita a wuya da ƙugu, ka ja iyakar ƙarfinka. Ka ajiye shi a inuwa. Fatar tana bushewa tana matsewa, ita za ta ƙarasa abin da hannunka ya kasa. Bayan kwana uku ka shafe shi da man gyaɗa ciki da waje. Kada ka yarda maƙeri ya buga masa ƙusa, tsatsa za ta ƙara buɗe shi. Kada a bar shi a rana. In an gama daka, a kwantar da shi a kan toka.

Abin da mata suka fi ni sani shi ne muryar turmi. Mace tana tsakar gidanta za ta gaya maka ta gida na huɗu sussuka take yi, ko surfe, ko kirɓin fura. Turmi mai hatsi muryarsa a cike take. Wanda babu komai a ciki ƙwal-ƙwal yake yi. Wanda ya tsage kuwa kamar mai mura, daga jin bugu ɗaya an gane.

Shekarar da nake magana, ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Abin da ya tsira, fara ta sauko ta gama da shi. Nasara suna yaƙinsu a can ƙasarsu, aka rufe iyaka, ba mai ƙetarawa kudu ya sayo dawa sai mai kasada. Duk da haka da kaka aka zo aka karɓi dami daga kowane gida aka zuba a rumbun tsimi. Manyan rumbuna ne guda biyu a bayan gidan mai gari, an liƙe bakinsu da laka. Hatsinmu ne a ciki, amma ba mai buɗewa sai kumandan Nasara ya aiko daga Magariya.

Mu uku ne a gida: ni, da mai ɗakina, da 'yarmu mai shekara biyar. An yi biyu bayanta, ba su zauna ba. 'Yar fari ce, don haka ba ma kiran sunanta, ba ma ɗaukarta a gaban mutane. Da ni da uwar, "ke" muke ce mata.

Mai ɗakina mace ce mai tsabta har abin ya yi yawa. Sau biyu take shara a yini. Ƙoranta da yashi da toka take goge su, sai sun yi fari tas ta jera a rana. Bayan ɗaki ta kewaye wani ɗan wuri da ƙaya, nan take zuba ruwan wanke-wanke. Ta shuka yakuwa da rama da kabewa guda, tana barbaɗa wa ganyen toka saboda tsutsa. Rumbunmu ya ƙare tun sanyi bai fita ba, ɗan lambun nan ne ya ƙara mana kwanaki. Amma da aka daina girki aka daina wanke-wanke, rijiya kuma ta yi ƙasa, ba mai ƙarfin janyo ruwa don ganye. Ya bushe. Muka koma cin anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci. Sai ta yi kwana huɗu a jiƙe ana sake mata ruwa kafin ɗacinta ya fita, kuma ba ya fita duka.

Wata safiya ina zaure ina gyaran ƙota, sai na ji daka a gidana. Daka sosai, irin na surfe. Na shiga.

Na ce wa mai ɗakina, "Ke, me kike dakawa?"

Ta ce, "Abin da ka kawo."

Na leƙa. Ƙaiƙayi ne da yashi, ta yayyafa masa ruwa don muryar ta cika. Yarinyar ta zo da gudu ta sa hannu ta kai baki, kamar yadda ta saba in ana surfe. Ta tofar, ta dubi uwarta. Ba ta yi kuka ba.

Mai ɗakina ta ce, "Kwana uku ba a ji taɓaryata ba. Jiya a rijiya matar mai gari ta ce mini, 'Wance, ko hannun ne ke ciwo?' A gaban mata. Ba zan sake jin wannan ba."

"Yashi zai kashe turmin."

"Ai gidan mai gyara ne."

Ban hana ta ba. Gaskiya ma daɗi na ji. Ni ma ina zuwa masallaci, ina ganin yadda ake kallon wanda gidansa ya yi shiru. Daga ranar, hantsi da la'asar sai ta daka. Da yamma ta hura kara don a ga hayaƙi.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun watse. Inna nake ce mata. Ita ba ruwanta da kunya. Wata rana ta mirgino turminta har ƙofar zaurena. Ya tsage gida biyu, don turmin da aka daina daka a cikinsa shi ma mutuwa yake, danshin surfe ne ke riƙe shi.

Ta ce, "Ɗan nan, kada ka ɓata fatarka. Faskara mini shi in hura wuta. Ba abin da zan sake sa masa."

"Inna, kirya ce. Zai gyaru."

"Ya gyaru in daka me, kanka? Ku dai Allah ya rufa muku asiri, ina jin ku safe da yamma. Ka ce wa matarka ta riƙa ajiye mini ƙasari, ko ruwan wankin hatsin ne in sha in ji warin gero."

Ta shiga ta roƙa da kanta. Mai ɗakina ta ce an riga ta. Kashegari ta dawo, aka ce an zubar. Ba ta ƙara zuwa ba. In mun gamu a hanya sai ta amsa gaisuwata da ka. Ita kuwa gida gida take bi tana cewa yunwa za ta kashe ta, wannan ya ba ta loma, wancan ya kore ta. Haka ta rayu.

Kwana ashirin da fara dakan yashi, turminmu ya tsage. Mai ɗakina ta zo zaure ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Maigida, muryarsa ta sake. Za a gane."

Ina da sauran fata a rataye. A lokacin har an fara babbake fata ana dafawa ana ci, na sani. Ina da ƙaro cikin ɗan ƙoƙo, shi ma abin ci ne, yara suna yini a daji suna nemansa a jikin itatuwa. Na jiƙa fatar, na narkar da ƙaron. Yarinyar ta tsuguna a gabana tana kallon ƙoƙon.

Ta ce, "Baba, ba ni."

Na ba ta kamar girman farce. Sauran na cusa a tsaga. Man gyaɗa babu, an daɗe da lashe kwalbar, na bar shi haka. Na san ba zai daɗe ba. Cikin kwana ukun da yake bushewa, mai ɗakina ta ɗaure kai da ƙyalle ta ce wa mata zazzaɓi take. Ran na huɗu ta koma daka. Muryarsa ta dawo kamar sabo.

Da bazara ta yi tsanani ya sake buɗewa ta wani gefen. Na sake ɗaure shi da ƙarshen fatar. Bayan kwana biyar yayan mai ɗakina ya zo. Shi manomi ne mai shanu, yana kora su zuwa kwari inda ya ji akwai sauran ciyawa. Ya bar garken a bayan gari, ya zo da saniya guda da ɗan maraƙinta ya ɗaure a jikin zaurena. Na shimfiɗa masa tabarma. Suruki ne babba, ban zauna kusa da shi ba. Muka gaisa ina kallon ƙasa. A ciki ana ta daka.

Ya ce, "Tun daga bakin gari nake kasa kunne. Taɓarya ɗaya tak na ji a wannan unguwa, na ce Allah ya sa ta ƙanwata ce. Ashe ita ce."

Na ce, "Ita ce."

Mai ɗakina ta fito ta durƙusa, ƙaiƙayi a hannunta har gwiwar hannu. Ta lulluɓe jikinta da zane biyu. Kowa ya rame a shekarar, ramewa ba ta nuna komai.

"Yaya, sannu da hanya."

"Yauwa. Har yanzu kina nan da hannun nan naki, ba ki bar turmi ya huta ba. Ina 'yar tawa?"

"Barci take."

Ba barci take ba. Tana ɗaki a kwance, ƙafafunta sun fara kumbura.

Ya ce, "To madalla. Da na zo da saniyar nan ne in bar muku, tana ɗan ba da nono. Amma tunda Allah ya rufa asiri, bari in kai wa autarmu a Kwaya. Su na ji ko wuta ba sa hurawa."

Ya zauna bai tashi ba. Ina jin ya ba ni wuri ne in yi magana. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa wanda ya ba ni ƙanwarsa na kasa ciyar da ita? Na dubi mai ɗakina, ita ma ƙasa take kallo.

Na ce, "Allah ya saka da alheri. Sun fi mu buƙata."

Ya tatsi ƙwarya guda ya bar wa yarinyar, ya kwance saniyarsa ya tafi. Ta shanye nonon lokaci ɗaya, ta amayar da rabi.

Da la'asar mai ɗakina ta same ni a zaure.

"Me ya hana ka magana?"

"Yayanki ne."

"Kai ne namiji."

"Ke kika daka."

"Kai ka ɗaure."

Iyakar abin da muka ce ke nan. Da hantsi na sake jin taɓarya. Na shiga na riƙe ta. Ta ce, "In na daina yau, labari zai kai masa cewa ƙarya muka yi masa a fuska. Sake ni." Na sake.

Tsagewa ta uku har gindi ta kai, don yashin ya cinye cikin turmin ya yi rami. Fata ta ƙare. Na ɗauko warkin ubana, wanda yake ɗaurawa in zai yi sara, na yanka shi tsiri-tsiri, na jiƙa kwana biyu don ya tsufa. Na sassaƙa ɗan guntun kirya na toshe ramin. Ƙaro sai da na yini a daji kafin na samu. Duk rayuwata ban yi gyaran da ya kai wannan kyau ba. Yarinyar tana zaune a inuwar ɗaki, wannan karon ba ta roƙa ba. Gashinta ya yi ja, ta daina wasa, ta daina tambaya.

Ruwan shuka ya sauka. Bayan kwana biyu kumandan ya aiko gardi biyu, wato dogaransa, da wani malamin bariki a buɗe rumbun tsimi. Da aka fasa lakar rumbu na farko, gara ta cinye fiye da rabi, sai ƙasa da kara. A kan ƙasa tsirara aka kafa shi, ba dutse ba toka. Malamin ya ce tunda haka ne ba zai ishi kowa ba. Gidan da ba shi da komai a ba shi na ci da na iri. Gidan da ke da saura, iri kawai.

Muka taru a ƙofar mai gari. Ba a sa kowa ya faɗa da bakinsa ba. Mai gari ne yake duban mutum ya ce, "Gidan wane, an daɗe ba a ji su ba," mutumin ya sunkuyar da kai, a auna masa. Haka aka bi har aka zo kaina. Mai gari taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana, tun muna yara muke tsokanar juna.

Ya ce, "Kai kuma, mai gizago, me ka zo nema? Wata huɗu matarka ta hana mu barcin rana. Ko ƙara mana ka zo yi?"

Aka yi dariya. An daɗe ba a yi dariya a garin ba, mutane suka sake jiki. Gardi ɗaya ya ce, "A je a buɗe nasa rumbun mana, da shi ya kamata a fara!" Aka ƙara wata dariyar. Ni ma na buɗe haƙora.

Mai gari ya rage murya ya ce, "Alhamdu lillahi dai ko?"

Maza sun fi arba'in a wurin, duk suna kallona. Kalma uku ce zan faɗa, babu komai gidana. Na san yarinyar tana kwance. Na san wannan rabon ne na ƙarshe.

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Aka auna mini tiya ɗaya ta iri. Kafin azahar an rabe sauran kaf, gardawan suka hau dawakinsu suka koma.

Na shuka rabi, muka dama rabi muna ba ta kaɗan kaɗan. Kwana shida ya yi. Sau biyu na je ƙofar mai gari da niyyar in gaya masa shi kaɗai. Sau biyu na gaishe shi, muka yi maganar ruwa, na dawo. Yanzu kuma kowane gida ana daka na gaske da hatsin rabo, mai ɗakina ta ce in tata taɓarya ta tsaya a lokacin da ta kowa ke tashi, abin zai fi fitowa fili. Ta ci gaba. Bugu goma sai ta tsaya ta jingina da taɓaryar ta huta.

Tafasa ta fito a bayan gari, muka dafa. Cikin yarinyar bai riƙe ba. Gero ya kai gwiwa ranar da ta rasu. Da hantsi ne. Uwar tana shara ta shiga ɗaki ta fito ta ce, "Maigida, zo ka gani." Na ɗauke ta a tabarma zuwa maƙabarta, ba nauyi. Ranar ce na fara ɗaukarta a gaban mutane. Aka ce ciwon ciki ne, yara da yawa sun tafi da shi a shekarar. Na ce haka ne.

Muka dawo na zauna a zaure da maza ana gaisuwa. Mata suka cika cikin gida. Tsohuwar nan maƙwabciyarmu, duk da fushin da take yi da mu, ta zo. Ina jin muryarta ta bayan zana.

"Zauna, yau ba ke za ki daka ba. A yi wa masu gaisuwa ko kunu ne. Ina hatsin? Ke, da ke nake. Ina kika ajiye?"

Na ji an jawo turmi, na ji an kifa shi. Sai gidan ya yi tsit. Can na ji tsohuwar ta ce wata ta leƙa rumbu. Aka leƙa.

"Kai, mai gyara! Shigo nan!"

Namiji ba ya shiga cikin mata ranar gaisuwa, amma na shiga. Yashin yana tsibe a tsakar gida, ya yi laushi kamar gari saboda daka. Tsohuwar tana tsugune, hannunta a cikin turmin tana shafa gindinsa. Mai ɗakina tana zaune a bakin ɗaki ta miƙe ƙafa, idonta a bushe.

Tsohuwar ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun fitar sanyi."

"Wata huɗu ina kwana da yunwa ina zaginku a raina. Ina cewa marowata, ko ƙasari sun hana ni. Ashe yashi kuke ci da kunne." Ta juya wajen mai ɗakina. "Ni da na bi gari ina roƙo, ga ni. Kin ga na mutu? An yi mini dariya, to, sai me? Zana ɗaya ce tsakaninmu. Loma nawa yarinya take ci?"

Tsohuwar ta bi ɗaurin fatar da yatsa, wuya da ƙugu da gindi.

"Kai ka ɗaure mata shi?"

"Ni ne."

"Sau nawa?"

"Uku."

Ta gyaɗa kai. "Aikinka ya yi kyau, ɗan nan. Shekara sittin ina jin turmi, ban gane ba."

Kafin la'asar gari duka ya ji. Ƙorai suka fara shigowa, wannan rabin tiya, wancan tafi biyu, daga cikin ɗan abin da aka raba musu. Matar mai gari ta kawo da kanta ta ajiye, ba ta iya gaisuwa ba. Mai gari ya zo ya zauna kusa da ni a zaure, ya daɗe, sannan ya ce, "Da wasa nake yi." Na ce na sani. Hatsin da aka tara a ranar zai ciyar da yarinya mai shekara biyar har sabon gero ya nuna, ya yi saura.

A turmin wani gida aka daka. Aka yi tuwo da miyar tafasa, aka kai wa mai ɗakina nata ɗaki, aka kawo mini nawa zaure bayan maza sun watse. Na ɗauka ba zai shiga ba. Ya shiga. Na cinye, na suɗe akushin. Da aka fito da nata, shi ma babu komai a ciki.